Waya ta san saba, saba ta san waya: fashin baƙi kan takardar shaidar wayoyin intanet

Idan aka kunna wayar tebur ta intanet a ofis, tun kafin wani ya ɗaga kanta, ita ce ke fara magana. Takan tuntuɓi wata babbar kwamfuta da ke nesa, wadda masu sana'ar ke kira saba, wasu kuma uwar garke, ta ce mata: "Ni ce wayar teburin akanta, a ba ni saitina." To ta yaya sabar za ta san da gaske wayar akantan ce, ba wani ne ya yi sojan gona daga wata uwa duniya ba? Ita ma wayar, me ya tabbatar mata cewa wadda ta amsa ɗin sabar gaskiya ce?

Maganar ta sake tasowa tun watan Mayun 2025, lokacin da Let's Encrypt, cibiyar nan da ke raba takardun shaidar intanet kyauta, ta sanar cewa a 2026 za ta daina ba da takardar da na'ura za ta iya nunawa a matsayin mai neman shiga. Wanda ya ji labarin sama-sama zai iya ɗauka an soke tsarin tantance juna ne ɗungurungum, ko kuma wayoyin ofisoshi za su mutu rana ɗaya. Ba haka abin yake ba. Amma kafin a gane wanda lamarin ya shafa, sai an san aikin da takardar ke yi, da kuma wanda ba ta yi, wanda a ganina shi ne inda aka fi yin tuntuɓe.

Wace irin waya ake nufi?

Ba wayar hannu mai sim ba. Ana nufin wayoyin teburin da ake gani a bankuna, otal-otal, asibitoci da ɗakunan amsa kiran abokan ciniki, ƙirar kamfanoni irin su Cisco, Yealink, Poly, Grandstream da Snom. Da igiyar intanet ake jona su, kuma sau da yawa ta cikin igiyar suke samun wuta. Yaren da mafi yawansu ke yi da saba shi ne SIP, wanda aka tsara sigarsa ta yanzu a 2002 cikin kundin RFC 3261.

Wuri biyu wayar ke buƙatar saba. Na farko wajen karɓar saiti: lambar da za ta amsa, sunan da zai fito a allo, adireshin da za ta riƙa kira ta cikinsa, da kalmar sirrinta. Na biyu wajen rajista, inda take sanar da sabar kira cewa ga ta nan, a turo mata duk kiran da ya zo. Muryar da ake ji kuwa hanyarta daban, za mu dawo kanta.

Inda ɓarakar take

Ka kifa irin wannan waya ka duba bayanta. Za ka ga wata 'yar farar takarda a manne, ɗauke da jerin haruffa da lambobi guda 12. Wannan shi ne adireshin MAC, lambar da masana'anta ta yanka wa na'urar. Shida na farko na kamfanin ne: 00:15:65 na Yealink, 00:04:F2 na Polycom (tsohon sunan Poly), 00:0B:82 na Grandstream, 00:04:13 na Snom. Shidan ƙarshe ne ke bambanta waya da 'yar'uwarta.

Da wannan lamba ake raɗa wa fayil ɗin saiti suna. Wayar Yealink takan nemi fayil mai sunan lambarta da .cfg a ƙarshe, ta Cisco kuma SEP, sai lambar, sai .cnf.xml. A zamanin da wayoyi da sabarsu ke cikin gini ɗaya, da tsohon tsarin TFTP ake miƙa fayil ɗin, tsarin da ko tambayar kalmar sirri ba ya yi. Duk wanda ya faɗi sunan fayil, a miƙo masa. Babu wanda ya damu sosai, tunda komai a cikin gida yake. Da aka kwashe sabobi aka kai su can intanet, kamfani ɗaya na kula da wayoyin ɗaruruwan ofisoshi, sai wannan sakaci ya zama ƙofa a buɗe.

Lissafin ba shi da wuya. Shidan ƙarshen nan ba su wuce haɗi 16,777,216 ga kowace lambar kamfani ba, kuma wayoyin da suka fito daga kwali ɗaya galibi lambobinsu a jere suke. Ƙaramar manhaja za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar saba, har ta dace. Idan ta dace, ta samu sunan shiga da kalmar sirri. Daga nan ɓarawon ba ya buƙatar wayarka. Zai zuba bayanan a wata manhajar kira a kwamfutarsa, ya yi rajista da sunanka, ya shiga kiran lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda shi ko abokan ɓarnarsa ke da kaso a kuɗinsu. A ɗauki misalin otal mai wayoyi 40: an tashi aiki yammacin Juma'a, ba wanda zai duba lissafin kira sai Litinin, alhali layin wani ɗaki da ba kowa a ciki ya kwana biyu yana ta buga waya ƙetare. Duk mai kula da sabar SIP da ke fuskantar intanet ya saba ganin sunan friendly-scanner a rajistar baƙinsa. Sunan da manhajar SIPVicious ke bayyana kanta da shi ke nan, manhajar da Sandro Gauci ya rubuta don gwajin tsaro, ɓarayi kuma suka mayar da ita abin ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.

Wani zai ce ai sai a sa wa fayil ɗin kalmar sirri. Nan gizo ke saƙar. Sabuwar waya da aka aika wa reshen kamfani cikin kwali ba ta da wata kalmar sirri tukuna, ita ce ma take zuwa nema. Idan aka ce sai injiniya ya buɗe kowace waya ya shigar da hannu, an rasa amfanin tsarin. Idan aka sa kalma ɗaya ga dukkan wayoyi, ranar da ta fita daga bakin mutum ɗaya, ta fita ga kowa. Ana buƙatar wani abu da wayar ta zo da shi daga masana'anta, wanda ba a iya cinka, ba a kuma iya kwafa ta hanyar saurare.

Mece ce takardar shaidar?

Tushen abin makullai ne guda biyu, tagwaye, da lissafi ya haɗa. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da dabarar fili a 1976, sannan Rivest, Shamir da Adleman suka kawo tsarin RSA a 1977. Makulli ɗaya na sirri ne, ba ya barin cikin na'ura. Ɗayan na fili ne, kowa na iya gani. Abin da aka sa wa hannu da na sirri, duk mai riƙe da na fili zai iya tabbatar da cewa sa hannun na gaske ne, amma ba zai iya ƙirƙiro irinsa ba.

Takardar shaida kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da ke ɗaure makullin fili da suna. Tsarinta, X.509, ya samo asali tun 1988. A ciki akwai sunan mai ita, makullinsa na fili, ranar da ta fara aiki da ranar da za ta daina, irin aikin da aka yarda a yi da ita, sai sa hannun wanda ya bayar. Wannan mai bayarwa shi ne mai hatimi. Idan ka yarda da hatiminsa, ka yarda da takardun da ya buga wa.

A nan mutane da dama ke ruɗewa: takardar kanta ba sirri ba ce. Ana miƙa ta ga duk wanda ya tambaya, a sigar 1.2 ta TLS, tsarin da ke lulluɓe zance tsakanin na'ura da saba, ma a fili take wucewa, sai a TLS 1.3 na 2018 aka fara lulluɓe ta. Wanda ya kwafi takardar bai samu komai ba, matuƙar ba ya da makullin sirrin da ke tafiya da ita.

Kullum muna amfani da rabin wannan tsari ba tare da mun lura ba. Idan ka buɗe shafin bankinka, sabar bankin ce ke nuna wa burauzarka takarda, kai kuma ka bayyana kanka daga baya da kalmar sirri. Tantance juna, wanda ake taƙaitawa da mTLS, shi ne a ce kowa ya fito da tasa tun a bakin ƙofa. Waya ta yi sallama. Saba ta miƙo takardarta, ta kuma ce, "Ke ma taki." Waya ta duba: hatimin na wanda na sani ne? sunan ya dace da adireshin da na nufa? wa'adin bai wuce ba? Idan ta gamsu, sai ta miƙa tata, ta kuma sa hannu da makullinta na sirri a kan duk zancen da suka yi tun daga sallama. Da yake kowace haɗuwa da sabbin lambobin da ake cakuɗawa a ciki, sa hannun jiya ba ya aiki yau. Mai laɓe ya naɗi duk abin da ya ga dama, ba zai iya maimaita shi ba. Idan wani mataki ya gaza, a nan zancen ke mutuwa, ba a ma kai ga tambayar fayil ba.

Takardar haihuwa ba katin ma'aikaci ba ce

Manyan masu ƙera wayoyin nan sun daɗe suna dasa wa kowace waya makullinta da takardarta tun a masana'anta, kuma a takardar akan rubuta lambar MAC a gurbin suna. Mai saba sai ya karɓi takardar tushe ta kamfanin, wato wadda ake gane hatiminsa da ita, ya loda, ya umarci sabarsa da kada ta saurari kowa sai mai hatimin nan. A manhajar saba ta nginx layi biyu ne, ssl_client_certificate da ssl_verify_client, a takwararta Apache kuma SSLVerifyClient. Sauƙin nan shi ne tarkon.

Me takardar masana'anta ta ce? Ta ce wannan na'ura ƙirarmu ce, lambarta kaza. Iyakarta ke nan. Ba ta ce ta ofishinku ce ba. Kamar mai gadi ne da aka ce wa ya bar duk mai takardar haihuwa ta gaskiya ya shiga ma'ajin kuɗi. Takardar ba jabu ba ce, amma ai kowa yana da ita. Idan saba ta tsaya a duba hatimi kawai, duk wanda ya shiga kasuwa ya sayi waya ƙirar kamfanin ya samu izinin wucewa, kuma idan ya iya sa ta nemi fayil ɗin wata, ko ya zaƙulo makullinta daga ciki, an gudu ba a tsira ba.

Don haka mataki na biyu wajibi ne: saba ta karanta lambar da ke cikin takardar, ta gwada da sunan fayil ɗin da ake nema. Sun yi daidai, a bayar. Sun saɓa, a kora. Wannan ɗan gwajin shi ne ainihin tsaron, kuma shi ne ba ya zuwa a kunne, sai an rubuta shi da gangan. Akwai ma wani ƙarin tsini: a bayanan Yealink, bayan takardar da ta keɓanta ga kowace waya, akwai wata ta gama-gari da waya kan nuna idan ba ta da ta kanta. Sabar da ba ta duba suna ba za ta bambanta su ba.

Cisco ta raba abin gida biyu. Ta masana'anta sunanta MIC, ta gida kuma LSC, wadda sabar ma'aikatar da kanta ke bayarwa ta wani sashe mai suna CAPF. Shawarar kamfanin ita ce a yi amfani da ta masana'anta wajen karɓar ta gida kawai, daga nan ta gida ta ci gaba da aiki. Wato ka zo da takardar haihuwa ranar ɗaukar aiki, a yanka maka katin ma'aikaci, daga ranar katin ake tambaya a ƙofa. Ƙa'idar IEEE 802.1AR ta 2009 ma a kan wannan rabo take tafiya. Amfaninsa a bayyane yake: katin da ka bayar da hannunka, kai ke da ikon ƙwace shi.

Akwai kuma tambayar da takarda ba ta amsawa ko kaɗan, wato wa ya mallaki wayar. Sabbin wayoyi kan fara leƙa sabar masana'anta su tambayi inda za su je karɓar saiti. Yealink na kiran wannan hidima RPS, Snom kuma SRAPS. Wanda ya riga yi wa lambar rajista shi ake tura wa wayar. A watan Agustan 2023, a taron Black Hat na Las Vegas, Moritz Abrell na kamfanin SySS da ke Jamus ya nuna yadda za a iya amfani da irin wannan giɓi a tsarin saita wayoyi na Zoom tare da wayoyin AudioCodes, a karkatar da waya zuwa saitin mugu. Darasin da ke ciki bai tsaya kan waɗannan kamfanoni biyu ba.

Abin da tsarin ba ya hanawa

Ba ya lulluɓe murya. TLS a kan SIP, wanda ke bi ta ƙofa mai lamba 5061 maimakon 5060, yana kare bayanan kafa kira ne kawai: wa ya kira wa, yaushe. Muryar sai an kunna SRTP, tsarin lulluɓe murya na 2004. Amma biyun suna da alaƙa, domin a saitin da aka fi amfani da shi, makullin muryar a cikin saƙon SIP yake tafiya. SRTP ba tare da TLS ba kamar kulle ɗaki ne a rataye makullin a jikin ƙofa.

Ba ya kuma hana kiran 'yan damfara masu lambar bogi. Wannan wata matsala ce tsakanin kamfanonin sadarwa. Sannan na'ura yake tantancewa, ba mutum ba. Wanda ya saɓi wayar ya fita da ita, ya tafi da shaidarta.

Kukan masu kula da wayoyi

Ba kowane injiniya ke son wannan tsari ba, kuma suna da hujja. Babbar damuwarsu agogo. Wayoyin tebur da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, sai sun tambayi sabar lokaci, wato NTP, duk sanda suka kunna. A inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, abin na faruwa sau da yawa a yini. An kawo wuta, waya ta riga rauta farkawa, ba ta samu lokaci ba, allonta na nuna wata tsohuwar shekara. Ta dubi takardar saba ta ga ranar fara aikinta "bai zo ba tukuna", ta ƙi yarda. Manaja na tsaye a kan injiniya, kwastomomi na jira. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne maɓallin da ke cewa waya ta karɓi kowace irin takarda. Wayoyi su dawo nan take, kowa ya yi hamdala, kuma daga ranar rabin tsaron ya tafi ba wanda zai sake tunawa. Gyaran gaskiya bai kai haka wuya ba: a samar da sabar lokaci a cikin gida, a ɗora rauta da na'urar raba igiyoyi a kan batirin ko-ta-kwana.

Sai tsufa. Ranar 30 ga Satumbar 2021 wa'adin tsohuwar takardar tushe DST Root CA X3 ya cika, wadda takardun Let's Encrypt suka daɗe suna jingina da ita, kuma tsofaffin na'urorin da ba a sabunta wa jerin masu hatimi ba suka shiga ƙin sabobi masu lafiya ƙalau. Burauza takan sabunta kanta a asirce. Wayar tebur kuwa tana iya shekara da shekaru da manhajar da ta zo da ita. Ita ma takardar masana'anta tana da wa'adi, ta Cisco shekara 10 ce, kuma ba a sabunta ta.

Soke takarda ma aiki ne. Ana iya buga jerin waɗanda aka soke, amma sai saba tana dubawa zai yi amfani, kuma kai ba ka da ikon soke takardar da masana'anta ta bayar. Abin da ke hannunka shi ne cire lambar wayar daga rajistarka. Duk da haka, idan aka auna wannan wahala da ta biyan kuɗin kiran da ba ka yi ba, ni dai ban ga abin jayayya ba.

To wa sanarwar Let's Encrypt ta shafa?

A cikin kowace takarda akwai gurbin da ke faɗin aikinta: ta saba ce mai karɓar baƙi, ko ta mai neman shiga. Shekaru da yawa takardun da ake saya ko karɓa kyauta daga masu hatimi na duniya suna zuwa da izinin biyun a haɗe. Sai masu kula da jerin amintattu na burauzar Chrome ta Google suka gindaya sharaɗin a raba su, hatimin da ke buga takardun shafukan intanet ya tsaya a wannan aiki kaɗai. Bin wannan sharaɗi ne ya sa Let's Encrypt ta yi sanarwarta, sauran manyan masu hatimi ma haka.

Wayar da ke nuna takardar masana'anta ko ta gida babu ruwanta da wannan, domin hatiminta ba ya cikin jerin burauza tun asali. Inda ya kamata a duba shi ne tsakanin saba da saba: injin rarraba kira na ofis da ke haɗe da kamfanin sadarwa, ko na'urar bakin iyaka da ake kira SBC, kamar wadda ke haɗa layukan waya da Microsoft Teams ta tsarin Direct Routing, wanda shi ma da tantance juna yake aiki. Irin waɗannan na'urori wani lokaci su ke karɓar baƙo, wani lokaci su ne baƙin, kuma an saba ba su takarda ɗaya ta yi aikin biyu. Idan ɗaya ɓangaren yana duba gurbin aikin da tsanani, sabuwar takarda za ta yi aiki a kiran da ke shigowa ta gaza a mai fita, ko akasin haka. Matsala ce mai wahalar ganowa, domin rabin abin na tafiya daidai.

Akwai wani sauyin da ke tafe tare da wannan. A Afrilun 2025 majalisar masu hatimi da masu burauza, CA/Browser Forum, ta amince a rage tsawon ran takardun saba daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Wannan ma takardar saba ya shafa, ba ta waya ba. Sai dai wanda ya saba loda takarda da hannu sau ɗaya a shekara, nan gaba kusan sau takwas zai yi, in bai sa na'ura ta riƙa yi masa ba.

Mai ofis fa, me zai tambaya?

Ba sai ya san nginx ba. Ya tambayi wanda ya sayar masa da hidimar: idan wani ya buga adireshin fayil ɗin wayata a burauza, me zai gani? Amsar da ake so ita ce ba zai ga komai ba, za a katse shi tun a ƙofa. A gwada a gabansa, minti biyu ne. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: idan wata waya ce ƙirar kamfani ɗaya da tawa ta nemi fayil ɗina, za a ba ta? Mai hidimar da ya tsaya inda-inda a nan, hatimi kawai yake dubawa.

Wanda kuma ya sayo wayoyi na hannu da aka sauke daga wani ofis a ƙasar waje, ya bincika ko tsohon mai su ya cire lambobinsu daga rajistar masana'anta. In bai cire ba, duk sanda aka mayar da wayar saitin asali, gidan tsohon ubangidanta za ta nufa neman saiti, kuma sai an bi ta hannun dillali ko kamfanin da ya ƙera ta, galibi da hoton 'yar farar takardar nan ta baya, kafin a sake ta.